Ginin Kumandan da Kabarin Baba

Kun taso kun tarar da katanga a tsakiyar gidanmu na Gangare, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku dalilinta. Abin da kuka ji a bakin mutanen unguwa shi ne, wai ni na ɗauki kakanku yana tsoho tukuf na kai shi wata ƙasa na baro shi a can. Wasu a gabanku suka faɗa, da gangan, don ku kawo mini. Na yi shiru tun kuna goye har kuka yi naku 'ya'yan. Yanzu da gwiwa ta hana ni tuƙi, ido kuma ya fara ja da baya, zan rubuta muku abin da ya faru a shekarar nan kamar yadda ya faru. Ba haƙuri nake ba kowa ba. So nake ku ji daga bakin wanda yake wurin.

Kakanku, Malam Mamman Tela, ba a Jos aka haife shi ba. Wannan gaskiya ce, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. An haife shi a wani ɗan ƙauye cikin ƙasar Nijar, tun tana hannun Faransawa. Kusa da ƙauyen akwai babban gari inda Baturen mulki yake zaune, wanda a can suke kira kumandan. Baba bai cika kiran garin da sunansa ba, Bariki kawai yake cewa, ni ma haka zan kira shi. Kumandan ɗin zamaninsu ana ce masa Mai Lema, domin in ya fito duba aiki sai an sa mutum ya bi shi da lema. Shi ya sa aka ɗebo maza daga ƙauyuka, aikin dole, ba ko sisi, su gina masa ofis da ɗakunan ajiya. Cikinsu har da mahaifin Baba. Aiki ya kai damina bai ƙare ba, magina suka ce a dakata gini ya sha iska, kumandan ya ce a ci gaba. Bango guda ya zubo a kan mutane. Baba yana ƙarami, uwarsa ta aiko shi da fura, a kan idonsa aka tono ubansa daga cikin laka. Ba a bari an kai gawawwakin gida ba, don kada ƙauyuka su ji sauran maza su gudu. A bayan ginin aka haƙa rami aka rufe su, ba wanka ba salla, aka koma bakin aiki. Kafin a yi girbi uwarsa ta kama hannunsa suka bi fatake kudu har Kano. A Kano ta ji ana cewa a Jos ana haƙar kuza, ko mace tana samun abin da za ta ci da dafa wa leburori abinci. Haka muka zama mutanen Jos.

Labarin nan sau ɗaya ko biyu na ji shi a bakinsa duk tasowata, kuma a taƙaice. Baba ba mai waiwaye ba ne. Ya yi dakon ƙasa a ramin kuza har wuyansa ya kangare, ya tara ya sayi keken ɗinki, ya kama shago a Nasarawa Gwom, ya gina gidan da kuke ciki. A Jos ya binne uwarsa, a Jos ya binne mahaifiyarmu da 'yan'uwanmu da suka rasu suna ƙanana. Mu biyu muka rayu: Yaya Sale, wanda yake sayen shanu yana yankawa a mayankar Abattoir, da ni Habu, direban fijo tsakanin Jos da Kano. Yaya Sale mutum ne mai zafi, mai son a san da shi a gari, kuma ba na musun cewa yana son Baba. Shi ya kai shi Makka. Ni kuwa ni ne mai zama kusa da tsoho in yanke masa farce.

Sai shekarar rikicin farko ta zo. Ba zan ba ku labarin rikicin ba, kun ga na bayansa da idonku, kun san kamanninsa. Mu Allah ya tsare mana rai, amma layin shagunan su Baba ya ƙone ƙurmus. Da gari ya lafa, ya matsa sai na kai shi ya gani. Lokacin ya haura tamanin, ɗinkin ma ya daina, yara ne ke yi, shi dai yana zuwa ya zauna a bakin shago ana gaisawa. Muka tarar da kan kekensa a cikin toka, ya narke ya karkace. Yana tsaye yana tona shi da sanda sai ga wasu samari sun zo wucewa. Ɗayansu Baba ya san shi, shi ya ɗinka masa rigar makaranta, ya ɗinka wa ubansa ma. Baba ya kira sunansa ya tambaye shi mutanen gida. Yaron bai amsa ba. Ya dube mu sama da ƙasa ya ce:

"Baba, me kuke nema kuma? Ku koma inda kuka fito mana."

Bai ɗaga murya ba, bai yi zagi ba. Ya faɗa ya wuce abinsa. Na yunƙura, Baba ya tare ni da sanda. Daga ranar abinci ya fita ransa. Sai ya zauna a zaure ya zuba wa ƙofa ido, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mahaifiyarku ta yi ta canza masa girki, ya ɗan taɓa ya ture. Wata ranar Juma'a bayan mun dawo daga masallaci, muna zaune mu uku, ni da shi da Yaya Sale, ya ce:

"An ce in koma inda na fito. To, ina so in je in ga inda na fiton. Ubana yana can a bayan gini, ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya yi masa addu'a. Ɗayanku ya kai ni."

Yaya Sale ya ce, "Baba, maganar ɗan iskan yaro ce za ta tashe ka? Addu'a daga nan ma tana isa. In rago kake so a yanka a yi sadaka, gobe a yanka."

"Ba rago na tambaye ka ba."

"Jikinka ba zai ɗauki hanyar nan ba. Kuma ka duba lokacin da ake ciki. Yau ka tsallaka iyaka, gobe a ce ga shi nan, da ma mun faɗa, 'yan Nijar ne. Mu da muke faɗa a kan nan ne garinmu."

Baba ya juyo gare ni ya ce, "Kai fa, mai mota?"

Na ce, "In ka ce a tafi, sai a tafi."

Yaya Sale ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mini, "Duk abin da ya same shi, kai ne." Ku riƙe wannan, domin a kan kalmar nan ya tsaya har ƙarshen ransa. Ban amsa wa Baba tafiyar nan da wasa ba. Na san tsoho ne, na san zafin da ake yi a can. Amma ni nake ganin kwanon abincinsa yana dawowa yadda aka kai shi. Mutumin yana mutuwa a zaure a gabanmu, sannu a hankali, Yaya Sale bai gani ba domin tun asuba yake fita mayanka.

Ana gobe za mu tafi, tsohon abokinsa Baba Pam ya zo da rana, a kan acaɓa, a lokacin da mutanensu ba sa shigowa Gangare, namu ma ba sa shiga unguwarsu. Tare suka yi dakon ƙasa a ramin kuza suna samari. Ya zauna a kan tabarma yana haki ya ce:

"Mamman, na ji wai za ka tafi. Wane ne ya kore ka? Yaro wanda bai san komai ba? Ni da kai mun ci ƙasa ɗaya a rami. Kai ɗan Jos ne, ko sun so ko ba su so ba."

Baba ya ce, "Na sani, Pam. Zuwa zan yi in dawo."

Suka yi ta hirar mutanen da duk sun mutu, har Baba ya yi dariya, ya kuma ci abinci tare da shi. Na rubuta wannan don kada ku ɗauka kowa a garin nan irin yaron nan ne.

Muka kama hanya ni da mahaifina kaɗai, na kwantar masa da kujerar gaba. Abin mamaki, tun daga Kano ya fara warwarewa. Da muka tsallaka iyaka ƙasa ta buɗe, itatuwa suka yi gajeru, sai ya tashi zaune yana nuna mini abubuwa, yana kiran sunayen ciyayi da ban taɓa ji ba. Harshensa ma ya juya, ya koma irin Hausar uwarsa. Jandarmomi suka tsayar da mu a hanya, ya yi ta zolayarsu har suka ba shi dabino. Na ce a raina, da Yaya Sale zai gan shi yanzu.

Mun shiga Bariki da hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Ban sha wahalar neman ginin ba, kowa ya san shi. Ina ce wa wani mai shayi ina neman tsohon ofishin kumandan, ya ce ai gidan ajiyar takardun tarihi ke nan, ya kira shi da wani suna na Faransanci, kamar yadda za ka ce kasuwa ko tasha. Ban gane sunan wane ne ba sai da muka isa. Gini ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Katanga mai kauri, dogayen ƙofofi, baranda ta kewaye shi, an shafe shi da farin fenti, an dasa furanni. A saman babbar ƙofa an kafa suna da manyan baƙaƙe na ƙarfe masu sheƙi. Mai gadi ya ce in zagaya da mota baya, can ake ajiyewa. Na sauke Baba a inuwa, na zagaya na ajiye ta a kan wani fili da aka malale da siminti, kusa da wata tsohuwar kuka da ɗakin janareta, na dawo.

Na tarar da shi ya ɗaga kai yana kallon baƙaƙen nan. Bai iya boko ba. Ya ce in karanta masa. Na haɗa yadda na iya, na faɗa. Ya sa na maimaita. Sai ya ce:

"Shi ne. Sunan Mai Lema ke nan."

Ba zan rubuta muku sunan a nan ba. An rubuta shi da ƙarfe a can, ya ishe shi.

Wanda yake kula da wurin wani mutum ne mai suna Isufu, suna ce masa Mushe Isufu, wato Malam Isufu da Faransanci, Bahaushe kamar mu, mai kimanin shekaruna a lokacin. Ya karɓe mu da mutunci, ya kawo wa Baba kujera da ruwan sanyi. Da ya ji daga Najeriya muke, sai ya ɗauka yawon buɗe ido muka zo, ya shiga gaba yana zagayawa da mu. Ciki sanyi ƙalau, na'ura tana hurawa, ba don mutane ba, don takardu. Akwatunan kwali jere a kan kantoci har rufi. Wasu Turawa biyu suna zaune suna juya takarda da safar hannu. A bango ga hoton Mai Lema, da gashin baki da farar hula. Mushe Isufu ya tsaya a ƙarƙashinsa ya fara bayanin da ya saba yi wa baƙi: wannan shi ne ya gina wurin nan, ya tsara shi da kansa, ya yi shi da kauri yadda har yau bai tsage ba.

Baba ya ce, "Shi ya gina?"

"Shi ya gina, Baba."

"Da hannunsa?"

Mushe Isufu ya yi murmushi. Baba ya taka da sandarsa zuwa bangon gabas, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya ce:

"Wannan sau biyu aka gina shi. Na farko ya faɗi a kan ubana."

Turawan suka ɗago kai, ba su ji abin da aka ce ba, suka mayar. Baba ya ba da labarin duka a tsaye, abin da bai taɓa ba mu shi haka ba, har da sunayen mutanen ƙauyensu da aka rufe tare da ubansa. Mushe Isufu ya saurara har ƙarshe, kuma na ga abin ya taɓa shi. Ya ce mu zauna. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ƙura a hannun rigarsa, bai ɗauko komai ba.

Ya ce, "Baba, na duba na shekarun ginin. Akwai kuɗin ƙusa da na katako, akwai wasiƙun da ya aika yana neman ƙarin fenti. Akwai inda ya ce ruwa ya ɓata aiki an sake wani sashe. Mutane kam ba a rubuta su ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"To me ya sa har yau sunansa ne a ƙofa? Ba sun tafi ba?"

"Sun tafi. An taɓa maganar canzawa. Amma da ginin ya lalace, daga ƙasarsu aka kawo taimakon gyara, kuma masu bincike na duniya da wannan sunan suka san wurin. In an canza, sai a rikita su."

Baba ya ce, "Kada a rikita su."

Daga nan ya ce a kai shi baya. Na riƙe hannunsa muka zagaya. Yana shan kwana ya tsaya. Ya dubi kukar nan, ya dubi kusurwar gini, ya sake duban kukar. Ya ce, a hankali:

"Habu, janye motarka."

Ban gane ba da farko. Can sai na gane. A kan kakana na ajiye mota, inda mai gadi ya nuna mini, inda kowane baƙo yake ajiye tasa. Ga baƙin mai ya ɗiga a kan simintin, sabo da tsoho. Na shiga na tayar da ita. Na fitar da ita waje gaba ɗaya, bakin titi. Da na dawo na tarar ya cire takalmansa ya tsaya a kan simintin da rana ta gasa, ya ɗaga hannu. Na cire nawa na tsaya a bayansa. Mushe Isufu ma ya zo ya tsaya tare da mu, wannan kam na yaba masa. Muna cikin addu'a wuta ta ɗauke, janareta ya tashi da ƙara a gefenmu don kada takardu su ji zafi. Baba bai katse ba, amma ni ko kalma ɗaya ban ƙara ji ba.

Da za mu tafi, Mushe Isufu ya ce yana da roƙo. Yana so Baba ya dawo washegari a ɗauki muryarsa a kaset, a ajiye labarin a nan, domin ba su da irinsa, kuma masu irinsa sun ƙare. Ni na so ya yarda, har na sa baki. Baba ya ce:

"A ajiye a ina?"

"A nan ciki, Baba. Za a ba shi lamba, a kula da shi."

"In wani ya zo nema, sai a ce masa ya je gidan wa?"

Sai Baba ya ƙara da cewa:

"Ubana ya yi masa aiki kyauta. Ni ba zan ƙara masa da muryata ba."

Washegari muka nemi ƙauyensu. Mun same shi, amma ba inda ya bar shi ba, an matsa kusa da titi. Mai gari yaro ne a kan Baba. Aka tara tsofaffi, Baba ya faɗi sunan ubansa da na kakansa da na rijiyar da ke bayan gidansu. Suka yi ta duban juna. Wata tsohuwa ta ce ta taɓa jin ana cewa akwai gidan da suka gudu ƙasar Ingilishi ba su dawo ba, amma ba ta san kowa nasu ba. Sun karrama mu, sun dama fura, sun yanka kaza. Sai dai duk wanda ya shigo, mai gari yakan ce masa, "Zo ka gaida baƙinmu na Najeriya." Na ga Baba yana jin kalmar kowane karo. A mota, muna komawa Bariki, ya ce:

"A can baƙo, a nan baƙo. To, madalla."

Ita ce doguwar maganarsa ta ƙarshe da ni a kan wannan. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi a gidan wani direba da ya sauke mu. Na kai shi asibitin garin, suka sa masa ruwa, suka ce zafi ne da tsufa, ƙirjinsa kuma ya cika. Na ce zan ɗauke shi mu kama hanyar gida, likita ya ce ba zai kai iyaka ba. Da ya ɗan farfaɗo na gaya masa ina so mu koma. Ya ce in bar wahalar da kaina, inda ya faɗi nan zan sa shi, kada in yi yawo da gawarsa a bayan mota kamar kayan miya. Ya cika washegari bayan azahar, kansa a kan cinyata.

Na je shagon waya na kira Yaya Sale. Na gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce:

"Ka sa shi a mota ka kawo shi."

Na ce, "Yaya, ka san zafin da ake yi. Ga iyaka, ga takardun fitar da gawa, ba a gama su yau ba. Kuma ya bar wasiyya."

"Wa ya ji wasiyyar ban da kai?"

"Ba kowa."

"Habu, uwarsa tana nan, matarsa tana nan. Mutumin da ya shekara saba'in a gari, kabarinsa ne shaidarmu. Gobe in aka ce wa 'ya'yanmu ina kakanku yake, su nuna ina? Ka binne shi a can, ka ba su abin da suke nema ke nan. An ce ya koma, ya koma, kai ka kai shi."

"Ba zan bar shi ya lalace a hanya ba."

"In ka dawo ba shi, ba ni ba kai."

Ya ajiye waya. Na tsaya riƙe da ita har mai shago ya karɓa. Ku sani, maganarsa ba ta banza ba ce. Na auna ta a tsaye a wurin, na kuma yi shekaru ina auna ta. Amma ni ne a gaban gawar, ba shi ba. Kafin magariba muka yi masa sutura. Direban da ya sauke mu ya tara maƙwabtansa, limamin unguwa ya yi salla, Mushe Isufu ya zo har ya kama makara. Mutanen da ba su taɓa saninsa ba suka sa shi a maƙabartar gari, da wanka da likkafani da salla, abin da ubansa bai samu ba. Na dawo Jos ni kaɗai, sandarsa da takalmansa a kujerar gaba.

Na tarar ana zaman makoki a ƙofar gida. Na durƙusa gaban Yaya Sale, ya kawar da kai, ya miƙa wa na kusa da ni hannu. A gaban jama'a. Daga nan maganar ta fita gari, kowa ya ƙara mata gishiri: wai na kai shi don in riga Yaya jin inda dukiya take, wai na bar shi a asibiti na tafi yawo. Wace dukiya? Kan keke narkakke? Bayan arba'in ya kawo magina, aka raba tsakar gida biyu, aka fasa masa ƙofa ta baya. Mahaifiyarku da matarsa, waɗanda suke girki a murhu ɗaya, suka koma gaisawa a gidan biki. Ku da 'ya'yansa kuka tashi kamar maƙwabta. Baba Pam ne kaɗai ya zo ya zauna da ni ya ce in ba shi labarin tafiyar tun daga farko. Da na kai wurin mota ya rufe fuska da hularsa. A cikin dangi da abokan Yaya kuwa ba wanda ya taɓa tambayata abin da muka gani a can. Ba wanda ya tambayi ko an samu kabarin. Shi kansa Yaya Sale, kakansa ne a ƙarƙashin simintin nan kamar yadda yake kakana, bai taɓa son ya ji ba. Kuma duk wannan bai sa an daina ce mana baƙi ba. Waɗanda iyayensu da kakanninsu suke kwance a maƙabartar Jos ma ana ce musu.

Na yi ta aika manya, yana mayar da su. Da salla nakan zagaya ta ƙofarsa in yi sallama, a ce mini ba ya nan, ina jin tarinsa. Haka muka tsufa, bango ɗaya tsakaninmu. Sai a ciwonsa na ajali, bayan ciwon suga ya kwantar da shi an yanke masa ƙafa, matarsa ta leƙo da safe ta ce wa mahaifiyarku yana kirana. Na zagaya. Ya rame har ban so na gane shi ba. Na gaishe shi, bai amsa ba. Na zauna a bakin gado. Sai ya ce, yana kallon rufi:

"Da zai cika, ya kira sunana?"

Na san amsar da yake so, kuma ba mai ƙaryata ni in na ba shi ita. Amma shekarun nan duka a kan ana cewa na yi ƙarya na yi su, ban ga dalilin farawa ranar ba.

Na ce, "Bai kira ka ba, Yaya. Ni ma da nake riƙe da kansa bai kira ni ba. Ubansa yake ta kira, yana ce masa ya taso ga fura."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro masa ta gefe ya shiga kunne. Na jira ko zai ce wani abu a kan shekarun da suka wuce, ko ya yafe, ko ya nemi a yafe masa. Bai ce ba. Da ya buɗe ido sai ya ce:

"Gyara mini matashin nan, wuyana ya gaji."

Na ɗaga kansa na gyara masa. Iyakar abin da ya shiga tsakanina da ɗan'uwana ke nan kafin a kai shi.